Zazzaɓin 'Yar Hadong

Hyang-suk ta fara jin sunan kakarta ne daga bakin wata nas, a barandar wani asibiti a Jinju. Nas ɗin ta leƙo ta ce, "Ina 'yan uwan Pyo Geum-rye?" Babu wanda ya motsa. Sai da ta sake kira mahaifin Hyang-suk ya zabura ya miƙe. Hyang-suk ta gama sakandare, ita ce ke tuna wa kowa ranar da ake yi wa kakannin gidansu, gidan Seok, girkin tunawa, amma ba ta taɓa sanin sunan matar da ta goye ta ba. A ƙauye 'Yar Hadong ake ce mata, da sunan garin da aka ɗauko ta, kamar kowace matar aure.

Gajeruwa ce, mai faɗin tafin hannu. Ta binne suruka, ta binne miji, ta raini 'ya'yanta da tafarnuwa da barkonon da take nomawa. Yayyenta maza biyu sun tafi yaƙi ba su dawo ba, kuma ba ta zancensu. In kanta ya sara sai ta ɗaure shi da ƙyalle ta koma gona. Tun da gwiwarta ta fara kumbura, ɗanta Dong-chil, mahaifin Hyang-suk, ya kafa mata doka: ba hawan dutse, ba shiga daji.

Bayan bikin girbi na Chuseok zazzaɓi ya kayar da ita. Aka ce mura ce. Sai jajayen ƙuraje suka feso mata, numfashi ya fara sarƙewa. A asibiti aka ce huhu ne, aka yi ta allura, zazzaɓin ko gezau.

Hyang-suk aka bar wa jinya, ita ke ba ta kunun shinkafa, ita ke goge mata jiki. A gadon da ke kusa akwai Gwaggo Do, mai sayar da kifi, wadda ciwon sukari ya cinye wa yatsun ƙafa. Ta bakin taga kuwa ciwon daji ne a cikinta, 'ya'yanta sun ce mata gyambo ne, duk ɗakin aka taya su rufewa. Akwai kuma wata matashiya da ba a jin bugun jini a wuyan hannunta sam, ɗaliban likita na bin layi suna lalube.

"Ni nawa ciwon na 'yan kasuwa ne, kowa na da shi," in ji Gwaggo Do. "Waccan 'yar gata ce, nata sai an buɗe littafi. Ke Yaya, wanne kika zaɓa?"

"Wanda zai toshe mini kunne daga surutunki," in ji Kaka, tana haki.

Likita Yeom, wani saurayi mai tabarau, ya tsaya a kanta da safe.

"Kaka, kin shiga ciyawa kwanan nan? Kin je yankan ciyawar kabari kafin biki?"

"Ban je ko'ina ba."

"Mu maza muka je na gidanmu," in ji Dong-chil. "Inna iyakarta kasuwa."

Likitan ya kai hannu zai ɗaga rigarta. Ta damƙe wuyan rigar da hannu biyu.

"Kai yaro, jikan wa ne kai? Hannunka ya tsaya a goshina."

A baranda ya yi musu bayani. Zazzaɓin lokacin girbi iri-iri ne, in ji shi, kuma duk kama suke da juna. Akwai wanda wani ƙwaro ɗan mitsitsi na cikin ciyawa ke kawowa. Inda ya ciza yakan bar baƙin ɓawo kamar ƙunar taba, ba ya zafi, kuma a lungun jiki yake ɓuya. In shi ne, maganinsa daban ne da wanda ake ba ta.

"Huhunta na cika da ruwa, fitsarinta ya ragu," ya ce. "Ba na son in yi ta canza magani da ka. Hyang-suk, ke da take yarda da ke, ki duba mini."

Kullum in an zo goge jiki, Kaka kan karɓe tsumman ta zura hannu ƙarƙashin riga da kanta. Ran nan tsumman ya suɓuce mata. An sa mata robar iska a hanci, leɓenta ya fara yin duhu. Hyang-suk ta ja labule, ta goge wuya, ta goge baya. Da ta zo ɗaga hannun hagu sai ta ji tsohuwar ta matse shi da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Bari."

"Kaka, don Allah."

"Na ce bari."

Hyang-suk ta ɗaga. Ɓawon yana nan can cikin hammata, baƙi wuluk, da jan zobe kewaye da shi.

Kaka ta kamo hannunta, tafinta kamar garwashi. Maganar na fita guntu-guntu. "In likita ya gani, ubanki zai san na hau." Kabarin iyayenta na kan dutsen da ke bayan Hadong. Babu namijin da ya rage a gidan Pyo. Kowace shekara sai ta ɗauki buhun tafarnuwa ta ce kasuwa za ta, laujenta na ƙasan buhun, ta hau ta yanke ciyawar kabarin. Bara Dong-chil ya gano, ya rantse in ta ƙara hawa zai sa a tono su a ƙone kowa ya huta. "Waɗanda ba su bar baya ba ake ƙonawa. Ni ce bayansu. Ki yi shiru, zazzaɓi ne, zai wuce."

Hyang-suk ta tsaya da tsumma a hannu, ruwa na ɗiga a kan takalminta. Ba ta taɓa tsallake maganar matar nan ba.

Daga bayan labule Gwaggo Do ta ce, "Yarinya, in ba za ki kira shi ba, ni zan ja ƙafata ɗaya da rabi in je. Matattu ba su da gaggawa, ita ce ke da ita."

Hyang-suk ta fita da gudu.

Likita Yeom ya duba, Kaka ta juya fuskarta bango. Nan take ya sa aka canza magani. Dong-chil ya shigo fuska a murtuke.

"Inna! Ashe kasuwar taki ke nan? Ni kika mayar maƙaryaci a gaban likita?"

"Malam, ka fita waje," in ji likitan. "Faɗan ya jira mu ga ko maganin ya riske ta."

Yinin ranar Hyang-suk idonta na kan ƙirjin Kaka, yana ɗagawa da ƙyar yana sauka. Kaka ta daina gane mutane, tana kiran sunayen da babu wanda ya sani a gidan Seok. Dong-chil na baranda, ya kasa zama, ya kasa shigowa. Washegari da hantsi gumi ya keto wa tsohuwar har ya jiƙe matashi. Nas ta zaro ma'aunin zafi ta duba, ta sake dubawa, sannan ta yi murmushi.

Dong-chil ya durƙusa a gefen gadon. "Ba zan ƙone kowa ba, Inna. Amma ƙafarki ta gama hawa, ko za ki tsine mini."

Kaka ta kau da kai. Ita ma Hyang-suk, Kaka ta daina yi mata magana har ranar sallama, in jikar ta miƙo cokali sai dai ta buɗe baki. Ran nan Hyang-suk na taje mata furfura, tsohuwar ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba.

"Babu dutse mai suna a kan kabarin iyayena, hanyar a kaina kawai take. Kafin ƙanƙara ta sauka ki sa ubanki ya kai mu gindin dutsen. Ni zan zauna a ƙasa in nuna miki da sanda. Ki sayi lauje naki, ki sa doguwar safa, kuma in kin gaji kada ki zauna a ciyawa."