Injin Mati Mai Ƙifta Wuta

Shekarar da kuɗin mai suka kawo lantarki unguwarmu a Daura, Mati ya sayar da bijiminsa ya sayo injin niƙa mai aiki da wuta. Baki har kunne! Da ya kunna shi, kowane ƙwan lantarki a unguwar sai ya dushe, ya ƙifta, ya dawo. Matan kulle suka gane: wuta ta ƙifta, Mati ya buɗe. Nan take ƙoren gero ke fitowa daga kowane zaure.

Maza kuwa suka kai ƙara, wai rediyonsu na shaƙewa. Aka turo Sada mai gyaran wuta da na'urar awo. Ya maƙala wayoyi, Mati ya kunna, allurar ta yi tsalle.

"Injinka ke shanye ƙarfin wutar," in ji Sada. Ya ja masa layinsa daban.

Washegari injin ya yi ta ruri har azahar, babu ƙwarya ko ɗaya. Mata na ɗaka, sun zuba wa ƙwan lantarki ido, bai ƙifta ba.

Mati ya sheƙa wurin Sada, hula a hannu. "Malam Sada, don Allah mayar mini da cutata! Mai shelata ka kora!"