Baburin Ummaru na Goronyo

Gandi zuwa Rabah, ran Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba nib bar gida, ko kumallo ban karya ba. Kuɗin bajimai biyu da nis sayar suna cikin lalita a ƙuguna. Maiɗakina ta tambaye ni ina zuwa, nic ce Goronyo, sayen babur. Tac ce wane irin babur ne da babu shi Sakkwato sai Goronyo. Ban ba ta amsa ba, don amsar ba ta da daɗin faɗi. Ku dai zan gaya muku.

Baburin na Ummaru ne. Ni da Ummaru benci guda munka zauna a firamaren Rabah, kuma kowa ya san na fi shi lissafi. Muna gama aji shida mahaifina yac ce karatu ya isa haka, gona na jira. Shi Ummaru yaw wuce makarantar koyon sana'a, da anka fara ginin dam ɗin Goronyo anka ɗauke shi aikin injuna. Da Turawan aikin za su koma ƙasarsu yas sayi baburin ɗayansu: ƙato, ja, da gilashi a gaba da akwati biyu a gefe, irin na doguwar tafiya. Ni ko ina nan ina jan buhun albasa kasuwa-kasuwa. Shekara ashirin, in ya ratsa Gandi bisa shi, sai in shige rumfa. Bai taɓa yi mani komi ba. Shi ne ma abin da yaf fi ba ni haushi.

Da nij ji wajen 'yan albasa an sa baburin kasuwa, ban yi shawara da kowa ba. Na ce ma mutane ƙaramin babur ba ya jimre yawon da nike yi. Gaskiyar ita ce so nike Ummaru shi san hannun wa kayanai sunka koma.

A-kori-kura nih hau, bisa buhunan gero, naira ɗari. Direban yana ta ce mani Alhaji. Nic ce mai ban je Makka ba, shi bar ɗora mani abin da ban biya ba. Yac ce to Malam. Nic ce nan ma aji shida nit tsaya. Daga nan bai ƙara kirana komi ba har munka iso Rabah ƙarfe bakwai saura.

Rabah zuwa Wurno

Na sha koko da ƙosai bakin tasha, na jira motar Wurno ta cika har tara da rabi. A shingen 'yan sanda na mararraba anka sauke mu duka. Ɗaya ya taɓa ƙuguna, yat tambayi mi ke ciki. Nic ce shanu biyu. Yay yi dariya, yac ce in wuce da garkena.

Sha ɗaya da minti ashirin munka shiga Wurno. Na tsaya ne don Garba makanike, wanda ke da rumfa bayan tasha, don an ce mani shi ke duba baburin tun da daɗewa. Na iske shi ya kwance injin ban-ruwa yana wanki da fetur. Da nif faɗi abin da ke tafe da ni, yac ce injin baburin lafiya lau yake, Ummaru ba ya bari baƙin mai ya kai lokacinsa sai ya canza, taya ta baya kawai ta ci ƙasa. Sai yad dube ni.

"Wa yak kira ka, shi ko ɗanai?"

Nic ce ba wanda yak kira ni, labari nij ji.

"To ka sani, Ummaru ba shi gani. Ciwon suga ya cinye mai ido, shekara guda ke nan."

Allah shi gafarta mani. Abin da yaf fara zo mani a rai ba tausayi ba ne. Cewa niy yi, ashe ba za shi ma gan ni bisa shi ba. Na ci tuwon shinkafa da miyar kuka nan kusa da rumfar, na yi azahar, nih hau motar Goronyo ƙarfe biyu da rabi.

Goronyo, da la'asar

Huɗu saura ashirin munka sauka. Tun daga nesa ake ganin fadama ta yi kore shar da albasa da alkama, ga rani tsakiya. Na tambayi gidan Ummaru na dam, anka nuna mani. Babban ɗansa Nasiru nit tarar, malamin makaranta ne, zai yi shekara talatin. Ya gaishe ni da ladabi, yak kai ni zaure, yay yaye tamfol. Ga baburin nan, ko ƙura babu. Ban ɓata lokaci ba, munka daidaita a dubu casa'in.

Sai yas sassauta murya, yac ce makulli da takardu suna hannunsa, in biya, in an yi magariba tsohon ya shiga ciki in tura shi in tafi.

Nic ce, "To wa za shi ce ya sallama mani?"

Shekara talatin ina ciniki, ko kwandon albasa ban taɓa ɗauka ba sai mai shi ya buɗe baki ya ce ya sallama. Haka nig gaya mai. Amma kada ku ɗauke ni waliyyi: rabin abin tsoron Allah ne, rabin kuwa ban yi wagga tafiya don in sace babur da duhu ba tare da Ummaru ya san ni ne ba.

Nasiru ya zauna bisa dakali, yab ba ni labari. Watan jiya tsohon ya lallaɓa da sassafe, yaf fitar da baburin shi kaɗai, yak kama hanyar dam da abin da yat tuna. Bakin babbar hanyar ruwa anka tsince shi, ƙafa guda cikin ruwa, mata na wanki kusa da wurin. Tun ran nan sunka karɓe makulli. Yac ce, "Baba Lawali, in bai kashe kainai ba za shi kashe ɗan wani. In kai ba ka saya ba, akwai wani mutumin Shinaka da ke son injin, za shi cire shi haɗa da famfon ban-ruwa." Nic ce na ji, amma sai da safe, gaban mai shi. Ya sauke ni ɗakin baƙi, anka kawo mani tuwon dawa da soyayyen kifin dam. Kifin ya yi daɗi, ban ɓoye ba.

Laraba da safe

Ƙarfe bakwai ƙarar inji taf fito da ni. Baburin na ƙofar gida bisa jak, Ummaru na zaune bisa shi, ya karkata kai yana saurare. Ya rame, gemu ya yi fari, idanun a buɗe amma ba su tsayawa kan komi. Nasiru na tsaye gefe yana jiran makulli. Kullum haka suke yi, minti goma, sai a kashe.

Na yi sallama. Kafin in rufe baki yac ce, "Lawali na Gandi? Kai da ka ɓuya mani cikin rumfa?" Ashe yana ganina duk shekarun nan. Munka gaisa, anka shimfiɗa tabarma. Nasiru ya durƙusa, yac ce, "Baba, zancen nan da munka yi ma. Ga mai saye."

Na taya casa'in. Yac ce albarka. Na ƙara biyar. Albarka. Na kai ɗari, na wuce ɗari, na kai inda lalitata ta ƙare. Kowane karo muryarsa ba ta canzawa: albarka. Raina yaɓ ɓaci. Nic ce mai in kuɗin ɗan aji shida ne ba ya so, shi faɗa mani in kama hanya.

"Ba kuɗɗinka na ba, Lawali. Ko miliyan kak kawo albarka za ni ce. In ka tahi da shi, gobe da sahe mi za ni tashi in yi?"

Na dubi Nasiru, ya sunkuyar da kai. Can nic ce ni ba na sayen abin da ban hau ba, kuma ban san halin wanga babur ba, sai mai shi ya hau bayana ya nuna mani. Nasiru ya so ya hana. Ummaru har ya miƙe yana laluben takalmi.

Bisa dam

Nauyin abin ya fi ƙarfin tunanina. Sau biyu yana mutuwa a hannuna kafin mu fita unguwa, Ummaru na dariya a bayana, yana cewa lissafi dai ka iya. Da munka hau kwalta sai yak kama ni da umurni, da kunne yake tuƙin: sa na uku, kada ka shaƙe shi, saki kuloci a hankali. Ramukan hanyar duk ya san su, kafin in gani ya ce in kauce hagu. Minti ashirin da biyar munka kai dam.

Munka tsaya inda masunta ke jawo jirage. Yat tambaye ni ina ruwa yak kai a jikin ma'aunin da ke bango. Na karanta mai lambar. Yac ce bana an yi saurin sakin ruwa, 'yan albasar ƙasa za su ji jiki kafin damina. Ya yi ta nuna mani wurare da hannu, nan sunka kafa inji na farko, can ƙasa ta taɓa rufta da su. Wani wurin ya nuna daidai, wani wurin ruwa kawai yake nunawa. Ban gyara mai ba.

Sannan nig gaya mai gaskiya, don ni ban iya zagaye ba. Nic ce ɗiyanka za su sayar da shi ko ka so ko ba ka so, kuma suna da gaskiya, ka kusa hawa matan mutane. In ba ni ba, mutumin Shinaka ne, za shi fasa shi shi ja ruwa da injin, sauran a kai wa 'yan gwangwan. Ya daɗe yana shafa tankin mai.

"Kai mi kaka so da shi?"

Nic ce da farko don in ƙona ma rai ne. Yanzu ban sani ba.

Yay yi murmushi, yac ce aƙalla ni ban yi mai ƙarya ba, wata guda ke nan kowa a gidan lallaɓa shi yake yi awa jinjiri. Yac ce in mai da shi gida, amma a miƙaƙƙen wurin nan in buɗe wuta sau guda. Na buɗe. Hulata tat tafi, ban tsaya nema ba.

A ƙofar gida, gaban Nasiru da maƙwabta biyu, yac ce, "Casa'in ɗin da kaf fara tayawa. Na sallama. Allah shi sa albarka." Da hannunsa yak karɓi makulli wajen ɗansa yam miƙa mani. Yaj ja mani kunne kan baƙin mai da tayar baya. Da niz zo tafiya sai yar riƙe mani hannun riga.

"Alfarma guda. Kada ka tashe shi nan. Tura shi har ka wuce masallaci, inda ba ni jin shi."

Unguwar yashi ce. Ni mai shekara hamsin da 'yan kai nit tura ƙaton babur cikin rana, gumi har cikin ido. Nasiru ya zo kama mani, nic ce shi koma wajen ubanai. Na kai masallaci, nit tuna irin kunnen mutumin, niw wuce. Sai da nik kai bakin kasuwa, inda injinan niƙa ke ruri, sannan nit tashe shi.

Komawa gida

Sha biyu da rabi nib bar Goronyo. Na tsaya Wurno, Garba ya sa mani sabuwar taya, yat tambayi yadda anka ƙare. Nic ce mai shi ya sallama da bakinsa. Yac ce to madalla, bai ƙara tambaya ba. A shingen mararraba ɗan sandan jiya ya gane ni, yac ce shanun sun zama ja. Na ratsa Rabah bayan la'asar, na shiga Gandi shida saura kwata. Mutane sun taru suna taɓa gilashi. Maiɗakina ta leƙo, tac ce wanda yas sayo abin da yake so ba haka fuskarsa take ba. Nic ce ta ba ni ruwa.

Na gode wa Allah da yak kai ni yam maido ni lafiya. Na gode wa Garba na Wurno, da Nasiru da yas sauke ni. Shi ko Ummaru, duk wanda yak karanta wannan shi sa shi cikin addu'a, don ni har yau in ƙarfe bakwai na safe ta yi ban san abin da yake yi ba, kuma ban samu ƙarfin halin tambaya ba.