Hamdiyya, Wadda Ta Hana Mu Gwada Wake da Kaza

Ni na riga kowa ganin yarinyar nan za ta yi abu. Tun ana ce mata 'yar haya a Kwamba na faɗa, aka ce tsufa ne. Ban taɓa zama a aji ba, amma mutumin da kwalara ta kayar ya tashi, tirela ta kife da shi a hanyar Kaduna ya fito da ƙafarsa, ba a koya masa gane mutane.

Hamdiyya ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a Abuja. Kullum da sassafe tana bakin titi tana kokawar mota. Aikinta kiwo ne, amma ba na awaki ba. Ƙwayoyin hantar ɗan Adam take reno a 'yan faranti, ta ba su abinci, ta sauya musu ruwa. Har ranar Sallah takan je, wai ba su san hutu ba. Shekara da shekaru ke nan, ko a unguwarsu an ɗauka allura take yi.

Mu 'yan wake na Diko muna da al'ada. In mun zuba maganin ƙwari a buhu, sai mu watsa wa kaza waken kaɗan. Ta kwana da rai, wake ya ci jarrabawa. Shi muke sayarwa, shi jikokina ke ci.

Ranar da ta zo sayen wake ta gani, ta ce, "Baba, kazar nan shekara nawa za ta yi tana ci?"

Na ce, "Kafin wata ai ta shiga tukunya."

"To jikokinka fa?"

Ta ɗebi waken ta tafi da shi. Ta jiƙa, ta riƙa ɗiga wa ƙwayoyin nan ruwan kaɗan-kaɗan. Ranar farko lafiya lau, kamar kazarmu. Da makonni suka tafi sai ƙwayoyin suka fara yaushi. Ta ba kwamfuta abin da ta gani, kwamfuta ta lissafa yadda hantar mutum za ta kasance in ya shekara goma yana ci.

Ta kawo mana hotunan lissafin har rumfa, sun nuna hantar ta lalace. Gwadabe, maƙwabcina a kasuwa, ya ce, "Yanzu na'ura ce za ta yi mana duba? Ga Baba nan, wake ya ci har ya tsufa!"

Ta ce, "Kawu, hasashe ne, ba duba ba, kuma yana iya kuskure. Amma kowa Baba ne?"

Nan ta yi gaskiya, irina ba su da yawa. A ranar na kwashe kwalaben maganin daga rumfata, na koma buhu mai leda a ciki, wanda ke toshe wa ƙwari iska. 'Yan layinmu suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya. Gwadabe ne na ƙarshe, sai da matarsa ta daina dafa nasa.

Hamdiyya, ke ce mai hango ciwo tun yana nesa. Ke ce kika tsaya wa yaran da ba su san sunanki ba. Na gode, 'yata, Allah ya raya naki. Masu ilimi, ku yi yadda ta yi, ku fito da shi kasuwa.

Mai musu kuma ya zo Diko ranar kasuwa, ya zura hannu a buhuna har gwiwar hannu. In ya ji warin magani ko ya kamo ƙwaro mai rai, ya zo da aska, gemuna nasa ne.