Fastoci Uku a Ƙarƙashin Kwalbati

Ƙanƙara

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar gida, ni da Babana, za mu taro a Sabuwa. Baba Rabaran ne a cocin Anglikan, ya daɗe yana shugabancin zauren haɗa kan majami'un yankinmu. Bana zai yi ritaya, kuma burinsa ɗaya ne: kafin ya sauka, majami'u uku su sa hannu a takarda cewa za su riƙa addu'a tare sau ɗaya a wata. Mama ce ta ce in bi shi don in kula da shi. Ni ɗin nan, da ko ƙadangare ya motsa sai na zabura.

Direbanmu, Malam Isiyaku, ya dubi farar kwalar wuyan Baba. "Baba Fasto, a cire wannan mana sai mun isa."

"Da ita na tsufa, Malam. Ja mu tafi."

Sheme

Bakwai saura kwata muka ɗauki Katikis Bulus na Katolika, bayan mun wuce shingen jami'an tsaro uku. An saya mini koko da ƙosai a bakin titi.

Faskari

Takwas da rabi Fasto Ayuba ya shigo, na cocin masu ganga da tafi. Gardama ta fara a kan kujerar gaba, ta koma kan wanda zai buɗe addu'a a taron Sabuwa. Katikis ya ce addu'a sai da littafi. Fasto ya ce littafi ɗaure baki yake yi.

"Rabaran, in ba a rubuta wanda zai fara ba, hannuna ba ya taɓa takardar nan," in ji Fasto.

"Nawa ma haka," in ji Katikis. A nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya.

Hanyar Sabuwa

Sha ɗaya saura minti goma muka ji tau! tau! daga cikin gonakin dawa. Malam Isiyaku ya taka birki. "Kowa ya sauka! Kwalbati!"

Mu biyar muka cusa kai ciki, laka har gwiwa. Duk mun ɗauka 'yan bindiga ne. Katikis ya baro littafinsa a mota. Fasto Ayuba, wanda ake jiyo muryarsa daga unguwa uku, sai raɗa. Baba ya soma Addu'ar Ubangiji a hankali, suka bi shi tare, ba wanda ya tambayi wa ya fara. Malam Isiyaku yana ta Innalillahi a gefe, amma aminsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Bayan rabin awa wani manomi ya zo a babur, ya yi magana da direba. Direba ya matso kunnen Baba, ina ji: ashe 'yan sa-kai ne ke gwada sabon albarushi.

Baba ya goge lakar kwalarsa. "Malam, riƙe labarin nan sai sun sa hannu."

Sabuwa

Ƙarfe ɗaya suka sa hannu. Katikis ya ce Fasto ya buɗe addu'a, Fasto ya ce a'a, babba ya fara. Tuwon masara da miyar kuka aka kawo, babu wanda ya ci na kirki.

Gida

Shida saura muka iso. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Isiyaku da ya riƙe bakinsa. Har yau in aka buga ƙyaure sai na nemi wurin ɓuya.

Mama ta tambayi Baba yadda ya shawo kansu bayan shekarun nan.

"Haƙuri," ya ce, ya dube ni, "da addu'a."