Irin Albasar Mahaifinmu a Ɗakin Sanyi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa mutum abin da bai yi ba, ko da mutumin ƙanena ne da ba na son ganin fuskarsa.

Irin albasa nake nomawa a Jiratawa. Idan an yi girbi sai in zaɓi manyan kawuna in jera su a rumbu, iska na ratsa su har damina ta wuce, sannan in dasa su yi fure in sami iri. Wannan albasa ta mahaifinmu ce, ja mai yaji. Kowace shekara zafi na ruɓar da wasu, amma ba ta taɓa ƙarewa ba.

Ƙanena ɗan kasuwa ne a Maraɗi, yana da ɗakin sanyi a unguwar Zariya inda yake ajiye kifi. Ya zo ya tarar ina tsince ruɓaɓɓu, ya toshe hanci.

"Yaya, har yanzu kana nan da wannan rumbun kakanni? Kawo su wurina. Sanyi na sa albasa ta yi fure da wuri, masana sun faɗa."

Na ce, "Alhaji, albasa ba kifi ba ce."

Ya ce, "Kai dai tsoro, ko inuwarka ba ka yarda da ita ba."

Wannan magana ce ta sa na kai masa duka, ban rage ko kai ɗaya ba.

Ranar da na je ɗauka, na buɗe buhu sai wari da ruwa. Kawunan sun yi laushi, wasu sun yi baƙin gashi. Ƴan tsirarun da na dasa suka fitar da ganye sirara, suka kwanta, ba fure. Na koma wurinsa, a gaban ma'aikatansa na ce masa ya kashe abin da ubanmu ya bari. Ya yi dariya ya ce, "Albasa ce fa, Yaya, a kasuwar Tsibiri ma ana sayarwa." Dariyar nan ba zan yafe ta ba. Sallah biyu ke nan ban taka gidansa ba.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Don gudun ƙarnin kifi, ni da hannuna na zuba kawunan cikin leda, na ɗaure bakin tam, kafin in sa a buhu. Shi bai sani ba.

Don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa ajiye kan albasa a sanyi ya dasa, ya gaya mini gaskiya: sanyin ne ya kashe ta, ko ledar? In ledar ce, dole in je in janye maganata, ko da zai sake yin dariya. Kuma wanda ya taɓa sayen iri a hannun mahaifinmu, in da saura a gonarsa, don Allah ya neme ni.