Ranar da Washdil Ya Hana Baƙi Halwa

Duk faɗin Gwadar, garinmu na bakin teku, babu wanda teku ta kunyata kamar Washdil. Ubansa masunci, kakansa masunci, amma shi da jirgi ya bar gaɓa sai cikinsa ya hautsine, ya rungume katako yana kelaya amai. Tare muka tashi, gida na kallon gida, don haka a idona ubansa ya haƙura ya saya masa jaki da amalanke. Da su ya tsufa. Kullum sai ya kora jakin cikin ruwa har ƙirji, ya kwaso kifin wasu daga jirage, ya kai kasuwa. Jirgin gidansu kuwa yayansa Sabzal ne ya gada.

Da manyan jiragen waje suka share mana kifi, sai jirgin ya koma kwana a kan yashi, ranar garin nan da ba ta hutu tana tsattsaga shi. A shekarun ne kuma kwalta ta fara kawo baƙi daga biranen Karachi da Lahore, masu hawa dutsen Batil, masu wanka a gaɓa, masu son a kai su bayan dutsen su ga dolfin, dabbobin tekun nan masu kama da manyan kifaye, na tsalle. Sabzal ya gwada ɗaukarsu. To amma mu ƙabilar Baloch ne, baƙo ba ya taka jirginka da yunwa. Sai ya zaunar da su, ya ɗura musu halwarmu, alewar nan mai ninƙaya cikin mai, da soyayyen kifi, da shayi mai kauri, yana ta "ku ƙara, ku ƙara". Kafin a kai bakin dutsen sun mayar wa teku kayanta kaf. Duk masu jirgi haka suke yi, kuma duk garin ya yarda mutanen birni ne ba su da ciki. Labari ya bazu, baƙi suka daina shiga jirgi. Sabzal ya aika wa wani mai fasa tsofaffin jirage yana sayar da itacen, ya ce ya zo ranar Juma'a.

Washdil ya sami yayan nasa a gindin jirgin.

"Yaya, ka ba ni shi gobe kawai."

"Kai? Ka yi me da shi? Ka wanke shi da abin da ke cikinka?"

"Kai dai ka riƙe inji, ka bar mini baƙin. Amma kada wanda ya ba su ko loma."

Sabzal ya riƙe baki. "A jirgin Baba? Mu fita da baƙi ciki fayau? So kake a yi da mu har garin Pasni?"

"Ni ai an daɗe ana yi da ni har Pasni. Yaya, cikinka na ƙarfe ne, ba ka san abin da halwa take yi a kan ruwa ba. Ni na sani."

Da ƙyar Sabzal ya yarda. Da safe Washdil ya zo da wasu 'yan Lahore a amalankensa, miji da mata da 'ya'yansu da wata tsohuwa uwar mijin. Unguwa ta fito kallon abin kunya. Wata maƙwabciyarmu ma ta lallaɓo da faranti a ƙarƙashin mayafi don ta rufa wa gidan asiri, ya tare ta ya ce, "Inna, don girman Allah koma da shi." Ta koma tana salati. Ni kuwa ganin ƙwaƙwaf ya sa na faɗa jirgin.

Ɓallin busasshiyar gurasa Washdil ya ba kowa, da yankin lemon tsami. Ya zaunar da su a tsakiyar jirgi, ya ce kada wanda ya kalli ruwa, a zuba wa dutse ido. Muna barin gaɓa abin nasa ya taso, don shi nasa ciwon ba ya jin lemo. Ya sunkuya ya yi, ya ɗago da jajayen idanu ya ce, "Hajiya, dutse! Dutse za ki kalla, ba ni ba!" ya sake sunkuyawa. Tsohuwar ta matso tana bubbuga masa baya tana sannu, yara suna ƙyalƙyala dariya. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma ban taɓa jin yana burge ni kamar ranar ba.

Muna zagaya dutsen sai ga dolfin ɗin nan, garke guda, suna tsalle dab da jirgi har ruwa na fantsamo mana. Yara suka miƙe suna ihu, mijin ya rasa inda zai nuna da wayarsa. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ko yamutsa. Sabzal ma yana dubawa.

Da muka dawo, Granaz matar Washdil ta riga ta shimfiɗa tabarmi a inuwar rumfa, ga shinkafa, ga kifi, ga halwa. Mutanen da suka sha iskar teku da yunwa suka faɗa wa abincin nan, sai da aka kankare tukunya a gaban duk unguwa. Tsohuwar ta lashe yatsa ta ce wa Sabzal tun da take ba ta taɓa cin abinci kamar na gidansu ba. Kafin la'asar wasu baƙin har sun zo suna tambayar jirgin mutumin nan mai amai.

Ranar Juma'a mai fasa jirgi ya iso da gatari a kafaɗa. Ya tarar da Sabzal da mutanen unguwa sun kewaye jirgin suna toshe tsagu, suna shafa masa mai. Washdil yana kwance a kan yashi, bai daɗe da saukowa ba, fuska duk ta zabge, yana nuna inda aka tsallake.

Mutumin ya ce, "Sabzal, yaya maganarmu?"

Sabzal bai ko ɗago ba. "Ba ni da ta cewa. Ga mai jirgin can kwance, in ya iya tashi ka tambaye shi."