Glenys Harrower da Masu Taurin Kai

A garinmu na manoman alkama, can yammacin Victoria, kowa ya san motar kowa. Ka ajiye taka a ƙofar asibiti da safe, kafin tsakar rana surukarka ta bugo waya tana tambayar abin da ya same ka. Glenys Harrower ta fi kowa sanin haka, don shekara ashirin da biyu ta yi a ofishin taimakon jama'a, wani ɗan ɗaki tsakanin gidan waya da shagon mahauci, tana cike wa mutane takardun gwamnati. Ta fansho da ta tallafin fari, a fili ake zuwa nemansu. Amma akwai takarda ɗaya da ba mai yarda a gan shi ya zo karɓa, wato wadda in an yi maka fashi ko duka, gwamnati ke biya maka kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa.

Gajeruwa ce Glenys, da tabarau rataye a wuya, bakinta kuwa ba ya hutu. Ba ta yi wani dogon karatu ba. 'Yar mai askin tumaki ce, ta tashi tana dafa wa masu aski abinci, a can ta gane cewa namijin karkara ba ya faɗin ciwonsa in kana kallon ƙwayar idonsa. Sai hannunsa na kan aiki, idonsa na wani wuri.

Warwick Dunstan shi ke da gidan man da ke bakin gari. Bara, da rana tsaka, wasu mutum biyu suka shigo suka maka masa ƙarfen kwance taya, suka kwashe cinikin ranar. Karayar hannu ta warke. Amma tun daga nan, da ƙararrawar ƙofa ta kaɗa sai gumi ya karyo masa. Ya bar wa matarsa Maureen shagon, ya koma gareji yana goge sifanar da ba ta yi datti ba. Likitan yana Horsham, kuɗinsa ya fi ƙarfinsu, kuma ba za a biya ba sai Warwick ya ba da labari ya sa hannu. Sau biyu Glenys na aika masa takardar ta hannun Maureen. Ta biyun ta dawo da shatin gindin kofi a tsakiya.

Sai ta buga masa waya. "Warwick, motata ta ƙi tashi, ga shi na sayi kaji shida a wajen wata mata kusa da Horsham. Za ka kai ni, ko sai na roƙi wani mai kirki?"

Lafiyar motar ƙalau. Kajin dai gaskiya ne. Ta irin wannan tafiya Glenys ta tara kaji sun fi arba'in a bayan gida, ita da ko ƙwai bai dame ta ba.

Suka kama hanya. Aka yi zancen ruwan sama, aka zagi alƙalin wasan ƙwallon Asabar, sannan zance ya ƙare. Glenys ta ja bakinta ta yi shiru, kuma duk a aikinta babu abin da ke ba ta wuya kamar wannan. Sun yi nisa sosai kafin Warwick, idonsa a kan kwalta, ya ce, "Ƙaramin cikin 'yan fashin nan ko gemu bai fara ba." Daga nan magana ta ɓalle. Ta zaro littafi ta ɗora a gwiwa.

"Me kike rubutawa?"

"Abin da kake faɗa. In ka ce in yaga, sai in yaga."

Bai ce ta yaga ba.

A hanyar dawowa suka tsaya a inuwar wani rumbun alkama shan shayi, kajin na ta kuka a bayan mota. Warwick ya ce, "Kin dai ɓata tawadarki. Kuɗin nan na matan da mazansu ke jibga ne. Ni hannuna ya warke. Akwai waɗanda suka fi ni buƙata."

Wannan magana Glenys ta ji ta har ta gaji, kuma kullum tana ba ta haushi da tausayi a haɗe, don ta san da zuciya ɗaya mazan garin suke faɗin ta. Ta gyara tabarau. "To, bar naka. Saurari na wani ka ba ni shawara."

Ta karanto masa labarin wani mutum da ya yi wata goma sha ɗaya bai juya wa ƙofa baya ba. Mutumin da ya fice daga bikin jikarsa saboda balan-balan ta fashe. Mutumin da ke tsayar da mota a gefen hanya ya yi kukansa, ya wanke fuska, ya shiga gida yana fito.

"Daina wasa da hankalina, tsohuwa. Na san ko wane ne."

"Na san ka sani, dattijo. Tambayarka nake yi. In maƙwabcinka Col ne wannan, me za ka ce masa?"

Ya juya ya dubi gona. "Da na ɗaure shi a bayan mota na kai shi da kaina."

Ta miƙa masa biro. Bai karɓa ba.

"Akwai abin da ba ki rubuta ba," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ko Maureen ba ta sani ba. Na durƙusa musu, Glenys. Ni da furfurata, na durƙusa ina roƙon yara kada su kashe ni. Ta yaya zan zauna gaban likita in faɗi wannan?"

Idonta ya kawo ruwa, ba ta kuwa ɓoye ba. "Kamar yadda ka faɗa mini yanzu. Kuma ka yi daidai da ka roƙe su. Roƙon nan ne ya mayar wa Maureen da mijinta."

Warwick ya goge tafinsa a wando. Ya shimfiɗa takardar a kan murfin injin mota, ya danne gefenta da gwiwar hannu saboda iska, ya sa hannu.